Ranar da Motar Surukina Ta Ƙi Kai Mu Zoza

Na Allah muke, gare shi kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Surukina, mahaifin mai ɗakina, ya riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta wuce, bayan jinyar da ba ta cika wata guda ba. Yau an yi sadakar bakwai an watse, amma ni har yanzu na kasa zama wuri ɗaya.

Tun ranar farko haka nake. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, in zauna cikin masu karɓar gaisuwa, kafin a shafa fatiha biyu sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi. In tashi in ce zan duba ruwan alwala. In dawo, in sake tashi in ce zan ga ko an kai wa baƙi fura. Har sai da limamin unguwa ya kama gefen rigata ya ce, "Malam, zauna mana. Kai ma mai karɓar gaisuwa ne, ba ɗan aike ba." Na zauna don ganin idonsa.

Mutane kuwa sun zo. Daga Unguwar Hajji aka zo a ƙafa, daga Jajaye da Rogo aka zo a kan jakuna da kekuna, mutanen Zoza kuma suka cika zaure guda su kaɗai. Kowa da abin da ya tuna. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta tsaya a bakin zaure, ta ƙi wucewa wurin mata sai da ta gaya wa maza cewa marigayi ne ya ɗauko gawar mijinta daga asibiti a Kano, ya kuma ƙi karɓar ko goro. Wani ƙaton direban motar gyaɗa ya zauna yana share ido da hularsa, yana cewa duk ƙasar nan babu kunne irin na marigayi.

"Wallahi yana zaune a inuwa zai ji mota ta doso tun daga bayan gari," in ji shi, "sai ya ce wannan fulogi ɗaya ba ya ci. A tsayar da ita a buɗe, a tarar haka ne."

Wani ya karɓa da cewa motar da za ta gagari marigayi Turawa ba su ƙera ta ba tukuna. Aka yi ta gyaɗa kai ana cewa Allah ya jiƙansa.

Wannan maganar ce ke tayar da ni daga tabarma. Na san rana ɗaya da mota ta tsayar da shi a hanya tun daga hantsi har la'asar, kuma ita ce ranar da ya fi bukatar ta tafi, don wansa yana kwance a Zoza yana jiran su gana kafin rai ya yi halinsa. Ina cikin motar ran nan, kuma da hannuna a cikin abin da ya faru. Ban taɓa ba kowa labarin ba. Yanzu zan rubuta shi, don in aka bar marigayi da yabon zaure kaɗai, za a manta da mutumin a riƙe wani daban.

Ni baduku ne, gadon sana'ar na yi, rumfata tana kasuwar Karaye. Shi kuwa surukina ɗan manoman Zoza ne. Tun yana saurayi ya gudu ya bar fartanya, ya tafi Kano ya koyi tuƙi da gyara a hannun wani Kwara, wato Balarabe ɗan kasuwa, mai sayen gyaɗa. Bayan yaƙin Turawa, da Kwaran ya gaji da wata tsohuwar kitika, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, sai ya bar masa ita. Ya kawo ta Karaye ya zauna, yana ɗaukar kaya da mutane zuwa kasuwanni. Ya sa mata suna Gwaggo, wai don tana da mita, kuma ba ta tashi da safe sai an lallashe ta.

Ba shi da yawan magana da mutane, da ƙarfe yake hira. In aka kawo masa mota ko babur ɗin wani ma'aikacin En'e, ba ya taɓawa. Sai ya sa a tayar, ya tsuguna, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya. In mai abin ya fara bayani sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Saurara tukuna, ita ma tana da baki." Yakan ɗanɗana fetur da harshe ya ce an surka shi da ruwa, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure a nan ba. Ba ya wuce mai tafiya a ƙasa, shi ya sa kullum bayan Gwaggo cike yake da tsofaffi da tukwane da akuyar da ba a san mai ita ba. Kajin surukata sun mayar da bayan motar akurki. Akwai ranar da ya je kasuwar Rogo ya dawo da kaza kwance a kan ƙwai a ƙarƙashin buhu, surukata ta wuni tana nemanta gida-gida. Da ta tare shi da faɗa sai ya ce ai kazar ce ta ce tana son ganin Rogo, shi kuma ba ya hana fasinja.

Amma yana da riƙo. Wannan masu zaure ba su faɗa ba, ni zan faɗa. Shekarar da ya fara riƙe babbar motar Kwara, ya biya da ita ta Zoza don a gani. Ya shigo gari yana matsa ƙaho. Wansa yana da wata goɗiya mai ciki a ɗaure a ƙofar gida, wadda ba ta taɓa jin irin wannan ƙara ba. Ta tsinke igiya ta faɗa ramin da ake haƙar ƙasar gini, ta karye, ba ta ƙara tashi ba. Wan ya fito ya tsinka masa mari a gaban jama'a, a gaban amaryarsa, wato surukata. Shi kuma ya dafe kunci ya rantse da Allah ba zai ƙara taka ƙasar Zoza ba muddin wansa yana numfashi. Aka ɗauka zafin rai ne, zai huce. Ya haifi 'ya'ya, ya aurar, furfura ta fito masa, bai je ba. In hanya ta bi da shi ta wajen, sai ya sauke mutanen Zoza a mararraba ya ce su ƙarasa a ƙafa.

Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin wadda aka sani. Tun da na auri 'yarsa ta fari bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in tsuguna gefe. To amma aiki yakan haɗa mu, don ni ke ɗinke masa kujerar mota in ta yage. Sai ya samo dabara: duk abin da zai gaya mini, motar yake gaya wa. Ya ce, "Gwaggo, ce wa mai fata kujerar nan ta sake buɗe baki." Ni kuma in amsa ina kallon taya, "To, Baba." Haka muka yi shekaru, kuma mun fahimci juna fiye da wasu masu kallon ido da ido.

Murfin tankin Gwaggo ya tsufa ya lotse. In ta faɗa rami sai fetur ya yi ta tsartuwa ta gefensa, shi kuma sai ya naɗa masa tsumma. Abin yana sosa mini rai. A ce surukin baduku guda yana yawo gari-gari da tsumma a mota? Wata rana da yamma, yana masallaci, na kwance murfin na kai rumfata. Na yanka kirgi na sa masa daga ciki, na lulluɓe wajen da jar fata, na yi masa ado da kore. A tsakiyar murfin na ga wata 'yar huda kamar ta allura. Na ce tsatsa ce ta ci, ta nan ma mai yake zuba. Na cika ta da kakin zuma, na rufe da fata, na ɗinke. A lokacin ina da baki. Nakan ce a kasuwa ɗinkina ko iska ba ta ratsa shi, kuma ba ƙarya nake yi ba.

Da ya fito daga masallaci ya ga murfin, ya shafa shi da babban yatsa, ya ce, "Gwaggo, yau kin yi hula. Ki yi godiya." Ya cika tankin har baki don washegari yana da niyyar zuwa Kano, ya murɗa murfin ya ɗaure. Na koma gida kaina ya yi girma.

Washegari da hantsi sai ga ɗan wansa a kan keke. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, tun asuba ya baro Zoza, rigarsa ta jiƙe sharkaf don bazara ce. Ya tarar da surukina yana goge gilashin mota. Ya durƙusa ya gaishe shi, gaisuwar ma a gurguje.

"Baffa, Baba ne ba lafiya. Tun shekaranjiya ko ruwa ba ya wucewa. Ya ce in zo in gaya maka, ka zo ku yafi juna."

Surukina ya ci gaba da goge wuri ɗaya. Can ya ce, "Shi ya faɗa da bakinsa?"

"Da bakinsa, Baffa. Har sau uku."

Surukata tana jin su daga bayan zana. Ta ce, "Malam, rantsuwa ai tana da kaffara. In azumi ne ni zan taya ka. Tashi ka tafi, don girman Allah."

Ita ce ta aika aka kira ni, don Gwaggo ba ta tashi sai an zura mata ƙarfe ta gaba an juya, kafaɗar surukina kuma ta fara ciwo a shekarun nan. Na zo da jakata a rataye kamar kullum. Na juya ƙarfe sau biyu ta kama. Ɗan wan ya shiga gaba, ni na hau baya da kekensa, don ba zan zauna kafaɗa da kafaɗa da suruki ba. Tafiya ce da ba ta wuce a isa kafin rana ta take tsaka ba. Na zauna kusa da bakin tanki ina kallon aikina yana ƙyalli.

Ko fita gari ba mu gama yi ba Gwaggo ta fara tari. Ta fizga sau biyu, ta yi kamar za ta farfaɗo, ta mutu. Surukina ya sauko, ya kwance murfin tanki. Na ji wani ɗan sauti kamar mutum ya ja iska ta tsakanin haƙora, ban ɗauke shi komai ba. Ya zura sanda ya zaro ta jiƙe har wuya. Ya mayar da murfin ya ɗaure, ya ce, "Gwaggo, ba yau ba." Na juya ƙarfe, ta tashi garau kamar ba ita ba. Muka ce alhamdu lillahi.

Ba mu yi nisan da ya wuce gona biyar ba ta sake. Tari, fizga, shiru. Ya sauko ya sake kwance murfin. Sautin nan ya sake fitowa, wannan karon ya fi tsawo. Ya tsaya da murfin a hannu, kansa a karkace, ido ɗaya a rufe. Ya daɗe haka. Sannan ya mayar da shi ya murɗa da ƙarfi, ya zagaya gaba ya ɗaga murfin inji.

Daga nan ne wunin ya lalace. Ya kwance fulogai ɗaya bayan ɗaya, ya kankare su da wuƙa, ya hura, ya mayar. Na juya ƙarfe, ta tashi. Muka yi gaba kaɗan, ta mutu a gindin wata ɗorawa. Ya ce wuta lafiya take, matsalar mai ce. Ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasa, ya sauke kafireto, wato inda mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga inji, ya wargaza shi gunduwa-gunduwa a kan rawanin. Kowane ƙaramin ƙarfe sai ya ɗaga shi sama ya leƙa rana ta cikinsa, ya wanke da fetur, ya hura. Rana tana dukanmu. Ɗan wan ya kasa tsayuwa ya kasa zama, yana zagaya motar yana duban inuwarsa.

"Baffa, rana tana yi."

"Ina gani."

"Baffa, da na baro shi idonsa ya fara juyewa."

"Na ji."

Aka harhaɗa, na juya ƙarfe har tafin hannuna ya yi bororo. Ta tashi, ta ɗauke mu har muka fara murna, ta sake shaƙewa a tsakiyar wani yashi. Muka tura ta gefe ni da ɗan wan. Surukina ya shiga ƙarƙashinta ya kwance bututun mai, ya sa baki ya zuƙa har fetur ya cika masa baki ya tofar. Ya duba famfon mai, ya wanke 'yar rariyarsa. Duk abin da ya taɓa lafiya yake. Ni kuwa ina tsaye da sifanar kwance noti a hannu, ina jin haushin motar, ina zaginta a zuci, ina cewa tsohuwar banza ta rasa ranar da za ta yi taurin kai sai yau.

Muka yi sallar azahar da taimama a gefen hanya. Da muka sallame, ɗan wan ya sauke kekensa ya kawo gaban surukina.

"Baffa, hau keken nan ka tafi. Ni da surukinka za mu tsare motar."

"Rabona da keke tun kana goye."

"To in goya ka."

"Da wannan yashin? Mu faɗi mu biyu?" Ya juya ya ɗauki sukuddireba. "Yanzu za ta tashi. Saura abu ɗaya."

Ɗan wan ya dube shi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi dai ba zai bari ubansa ya cika babu ɗa a kansa ba. Ya hau keken ya tafi, bai yi sallama ba. Muka rage mu biyu, mutanen da ba sa iya kallon juna, da mota a tsakaninmu.

Ya sake sauke kafireton da ya riga ya wanke. Ya sake wanke shi. Sau biyu muka ƙara tashi muna mutuwa. Inuwar motar ta juya ta koma gabas, ta fara tsawo. Ni kuwa ina ta lissafa numfashin mutumin da ban taɓa gani ba. Ina son in ce wani abu, to me baduku zai gaya wa mai gyara a kan inji, balle suruki?

Wajen la'asar ya ajiye kayan aiki. Ya zauna a kan matakalar mota, hannuwansa baƙi ƙirin, yana kallon yamma. Can ya miƙe ya ce, "Gwaggo, tambayi mai fata ko yana tafe da basilla."

Baduku ba ya rabuwa da basilla. Na zaro ta daga jaka na miƙa da hannu biyu. Ya kwance murfin tankin, ya juya shi, ya laluba tsakiyarsa da yatsa, ya soka basillar. Ta huda jar fatata, ta ture kakin da na cusa, ta fito ta ɗaya gefen. Ya hura hudar ya mayar da murfin. Ya ba ni basillata bai dube ni ba.

Na juya ƙarfe sau ɗaya. Daga nan har Zoza Gwaggo ba ta yi tari ko ɗaya ba.

A bayan motar nan na gane abin da na yi. Hudar nan ba tsatsa ba ce, ta nan tanki yake shan iska. In mai yana fita iska ba ta shiga, sai tankin ya riƙe man, inji ya ja ya ja ya rasa, ya mutu. In aka ɗan jima ko aka buɗe murfin sai ya saki, mota ta tashi, a sake komawa gidan jiya. Ni na toshe wa motar hanci da hannuna, da ɗinkin da nake taƙama da shi. Na ji kamar in diro daga motar in shiga daji.

A bakin garin Zoza muka haɗu da jama'a suna dawowa daga maƙabarta, wasu da fartanya a kafaɗa, makara babu kowa a kanta. Surukina ya kashe mota ya sauko. Ya tsaya a tsakiyar hanya babu rawani, rigarsa duk baƙin mai. Ɗan wan ya fito daga cikin mutane ya ce, "Ya cika bayan azahar, Baffa. Na same shi da sauran numfashi. Ya tambaya ko kana hanya, na ce kana hanya."

Wani dattijo ya ce me ya tsayar da mu haka, ga mota a hannu? Na sunkuyar da kai ina jira. Surukina ya ce, "Datti ne a kafireto." Ya wuce maƙabarta shi kaɗai, ya daɗe bai dawo ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, ko ta bakin Gwaggo. Bai cire fatar daga murfin ba, da ita ya ci gaba da yawo har motar ta gama kwanakinta aka jingine ta a bayan gida. Ya riƙe iyalin wansa kamar nasa. Mutumin da ya yi shekaru ba ya taka Zoza ya koma ba ya sati biyu bai je ba, shi ya sa mutanen can suka cika zaure a makokinsa. Ni ma bai canja mini ba. In mai ɗakina ta haihu shi ke fara aiko da itace. Wannan kirkin nasa ya fi mari zafi a wurina.

Na yi niyyar neman gafararsa ban san iyaka ba. In sayi goro in nufi gidan, in na hango shi a ƙofar gida sai in tsuguna in gaishe shi, in ajiye goron in tashi. Na so in bi ta wurin mai ɗakina, sai na ga in na gaya mata na ɗora mata kayan da ba nata ba. Na so in bi ta wurin surukata, kunyarta ma ta fi tasa. A kasuwa na daina cika baki a kan ɗinki, har abokan sana'a suna tsokanata wai na tuba. In na ji mota ta yi tari a hanya, ko ta wane ce, sai in tuna ranar Zoza. Na hana mutum biyu, ciki ɗaya, su yafi juna, kuma ɗayan ya tafi inda ba a aika saƙo. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ran Talata da hantsi ya sa aka riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman yafiya. Aka kira surukata, aka kira 'ya'yansa, aka kira maƙwabta. Sannan aka ce ni. Na tuɓe takalmi na tsuguna daga bakin ƙofa. Ya rame ƙwarai, amma muryarsa tana nan. Ya sa aka ba mu wuri. Na ga in ban faɗa yanzu ba, ba ni da wata rana.

"Baba, murfin nan ne. Ranar Zoza. Ni na toshe hudar. Ka yafe mini."

Ya juyo da kansa wajena. Sannan ya ce, "Matso."

Na matsa har gefen gadon.

"Tun tsayawa ta biyu na sani," in ji shi. "Na ji tankin ya ja iska. Wane mai gyara ne zai ji wannan bai gane ba? Da na bar murfin a sassauce kawai, da mun isa kafin azahar."

Sannan ya ci gaba.

"Na riƙe murfin nan a hannu, na ga ni ga Yaya, ni ne zan shiga in durƙusa. Sai kuncina ya yi zafi kamar ran nan aka mare ni. Na ce bari in ɗan jima, zuciyata ta sauka. Na kwance fulogi. Ba ta sauka ba, na kwance kafireto. Ina ta kwance abin da na san lafiyarsa ƙalau. Da ta sauka, rana ta riga ta tafi." Ya numfasa. "Na ga yadda kake tun ran nan. Na bar ka da shi, don in na sauke maka sai in faɗi nawa. Kai za ka yafe mini."

Na ce na yafe. Ya ce Allah ya yi mini albarka, in kira masa liman. Kafin azahar ya cika.

Da baki na yafe, amma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi kwana uku tana tafasa. Shekara goma sha ɗaya ina tafiya a sunkuye, shi kuwa yana kallona yana aiko da itace. Ina zaune a tabarmar makokinsa ana yabon kunnensa, ni ina jin haushin wannan kunnen. A rana ta huɗu kuma sai wani tunanin ya zo ya hana ni sakat. Mutumin da ya ce wa mutanen Zoza datti ne a kafireto don ya rufa mini asiri, me zai hana shi ya sake yin wata ƙaryar a bakin mutuwa, ya ɗauke kayan daga kaina ya tafi da shi? Na juya maganar ta kowane gefe. Na tuna yadda ya tsaya da murfin a hannu, ido ɗaya a rufe, na ce gaskiya ya faɗa. Na tuna yadda ya miƙo mini basilla bai dube ni ba, na ce rufin asiri ne. Duka biyun halinsa ne, kuma wanda zan tambaya ya tafi.

Allah shi ya san wanne ne. In gaskiya ya gaya mini, Allah ya yafe masa, ni na yafe har zuci yanzu. In kuwa don ni ya ƙirƙira, Allah ya sa ta cikin ayyukansa na alheri. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba surukata da 'ya'yansa haƙuri. Roƙon da na fi yi masa kuwa shi ne Allah ya haɗa shi da wansa a gidan rahama, ya zaunar da su wuri ɗaya. Abin da ya rage tsakaninsu bai wuce ɗaya ya ce na zo, ɗayan ya ce sannu da zuwa ba.